Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Tarihin Ƙaramin Jirgi Daga Dufuna Zuwa Gyallesu

Gabatarwa

Jirgin ruwa na farko da na ƙera bai cika minti biyu a kan ruwa ba ya nutse. A daminar 2010 ne, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, a wani kududdufi da ruwan Agusta ya cika a ƙasan unguwarmu ta Gyallesu, ta wajen gangaren da ke sauka rafin Kubanni. Da gwangwanin man girki na yi gangar jikinsa, na liƙe mahaɗansa da kwalta, na ɗora masa bene hawa biyu na kwali kamar yadda na gani a jikin wata kalanda. A saman benen na jera manyan batura huɗu, domin a tunanina can matuƙi yake zama, can kuma ya kamata ƙarfi ya zauna. Yaran layinmu suka yi cincirindo a bakin ruwa. Na haɗa waya, farfela ta juya, jirgi ya yi gaba kamar taku goma. Sai wata 'yar iska ta taso, ya karkata hagu, ya kwankwaɗi ruwa, ya kife. Har yau ina jin dariyar da aka yi mini.

Na tsamo shi cikin taɓo na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin titin Tudun Wada, wanda shi ya ba ni ɗan injin da na sa masa. Ya jujjuya shi a hannu, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Ɗana, ka gode wa Allah gwangwani ne ya nutse. Da babban jirgi ka fara da shi, yau da zaman makoki ake yi a unguwar nan."

A lokacin na ɗauka lallashina yake yi. Sai da na girma, na karanta tarihi a jami'a, sannan na gane cewa dattijon nan ya taƙaita mini darasin da wasu ƙasashe suka saya da ɗaruruwan rayuka. Abin da wannan maƙala take son nunawa ke nan: ƙaramin jirgi, wanda mu muke kira wasan yara, shi ne wurin da ɗan Adam ya koyi yin kuskure da araha, kafin ya ɗora rai a kan babba.

Kalmar da ta fito daga ruwa

Zariya ba garin ruwa ba ne. Kubanni kansa da rani yakan janye ya koma ɗan siririn ruwa tsakanin yashi da lambuna. Duk da haka ruwan da ya cinye jirgina yana da doguwar tafiya a gabansa. Kubanni yana zuba cikin Galma, Galma cikin kogin Kaduna, Kaduna cikin Kwara, Kwara kuwa ta wuce Baro da Lakwaja har ta faɗa teku. Ta wannan hanya ce, a juye, baƙin ƙarfe ya iso mana. Lokacin da Turawa suka shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911, a cikin jiragen ruwa aka hauro da ƙarafan dogon da kawunan jirgin har Baro.

Da abin ya iso Zariya yana huci yana fitar da hayaƙi, Bahaushe bai tsaya neman sabon suna ba. Ya dubi abin da ya riga ya sani mai ɗaukar mutane da kaya a cikinsa, wato jirgi, ya ce wannan na ƙasa ne. Ran 1 ga Nuwamba 1925 wasu jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano, aka ce waɗannan kuma na sama ne. A yau a Zariya, garin da yake da mahaɗar dogo a Sabon Gari da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964, in yaro ya yi ihu ya ce "jirgi!", sama kowa yake kallo. Mai sunan na asali shi ne yanzu sai an ƙara masa "ruwa" kafin a gane shi. Haka kalmar tuƙi. Hannun da ke tuƙa tuwo da muciya da wanda ke tuƙa kwalekwale da filafili motsi guda suke yi, daga baya direban mota ya gaji kalmar. Fito ma, wanda yau ake faɗa wa tsallakar da kaya a kan iyaka, asalinsa tsallakar da mutane kogi ne.

Harshe ke nan yake ba da shaida cewa mun san jirgi tun da daɗewa. Ƙasa ma ta ba da tata shaidar. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani abu mai tauri a zurfin kusan mita biyar. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tone wurin a 1994, ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8.4, an fafe shi daga gungumen itace guda. Awon da aka yi ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka samu a Afirka, yana kuma cikin 'yan ƙalilan mafiya tsufa a duniya. Abin da ya ba masanan mamaki shi ne kyawun sassaƙarsa, yadda goshinsa da ƙeyarsa suka yi tsini, bangonsa kuma bai wuce kaurin santimita biyar ba. Irin wannan hannu ba a samunsa a gwajin farko. Kafin jirgin Dufuna an yi wasu jiragen, an kuma yi waɗanda suka kife.

Wannan sani bai mutu ba. Sarkawan Kabi da Gungawan Yawuri suna nan da jiragensu, kuma duk wanda ya ga bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, ya ga masunta kwance a kan manyan goruna suna yawo a ruwa. Gora ita ce jirgin mutum ɗaya. Shi ya sa karin maganar da ke cewa ba a fafe gora ranar tafiya take da ma'ana biyu ga mutumin bakin kogi: gorar ruwan sha, da gorar da ransa zai dogara a kanta.

Ƙaramin jirgi kafin rediyo

Ƙera ƙaramin jirgi mai kama da babba tsohuwar al'ada ce. A 1920 wani mai tonon kayan tarihi ɗan Amurka, Herbert Winlock, ya buɗe wani ɓoyayyen ɗaki a kabarin Meketre, wani babban bafaden Fir'auna da ya rayu kusan shekara 4,000 da suka wuce, a yammacin garin Luksor na Masar. Ya tarar da ƙananan siffofi na itace fiye da ashirin: rumbu, turken shanu, masaƙa, da jirage masu yawa, kowanne da matuƙansa riƙe da filafilai. Akwai na tafiya, akwai na kamun kifi, har da wanda ake girki a cikinsa. Mutanen Masar na wancan zamani sun binne su ne bisa imaninsu cewa mamaci zai yi amfani da su. Amma saboda masassaƙan sun kwaikwayi kowace igiya da kowane katako, waɗannan 'yan jirage, da yanzu suke rabe tsakanin gidajen tarihi na Alƙahira da New York, sun zama littafin da ake karanta yadda jiragen kogin Nilu suke a da.

Sai dai an daɗe ƙaramin jirgi yana zaman abin kallo kawai. Maƙeran Ingila na ƙarni na 17 sun sassaƙa ƙananan jiragen yaƙi masu ban sha'awa domin manyan hukumar sojan ruwa, amma a kan tebur suke zama, ba sa taɓa ruwa. Babban jirgi kuwa da ido da gado ake ƙera shi, ranar da aka tura shi ruwa ita ce ranar jarrabawarsa.

Ƙasar Suwidin ta ɗanɗana kuɗar wannan. Sarkinta Gustavus Adolphus ya sa aka ƙera masa jirgin yaƙi mai suna Vasa, mai igwa 64 jere hawa biyu, an ƙawata shi da ɗaruruwan sassaƙe-sassaƙe. Kafin ya tashi an ɗan gwada shi a bakin gaɓa: aka sa mutum talatin su riƙa rugawa daga wannan gefe zuwa wancan. Sau uku kawai suka yi aka tsayar da su, don jirgin ya fara tangaɗi har ana tsoron ya kife. Amma an riga an gama shi, sarki yana jira, babu mai ƙarfin halin cewa a fasa. Ran 10 ga Agusta 1628 ya tashi daga Stockholm a gaban taron jama'a. Bai wuce tafiyar mita 1,300 ba iska ta kaɗa shi, ya karkata, ruwa ya shiga ta tagogin igwa, ya nutse da mutum kusan talatin. Da na karanta wannan labari a ɗakin karatu sai da na yi dariya ni kaɗai, sannan jikina ya yi sanyi. Cutar Vasa ita ce ta gwangwanina: nauyi a sama, ciki ba komai. Bambancin kawai, ni batura huɗu na yi asara.

Fiye da shekara 240 bayan haka Ingila ta maimaita kuskuren. A watan Satumba 1870 sabon jirginta na yaƙi mai suna Captain, wanda bakinsa ya yi kusa da ruwa ainun ga kuma dogayen turaku a kansa, ya kife cikin dare a gaɓar Sifaniya, mutum kusan 500 suka halaka.

A daidai wannan lokaci akwai wani injiniya mai suna William Froude, wanda ya fara aiki a shimfiɗa dogo kafin hankalinsa ya koma kan ruwa. Ya yi shekaru yana jan ƙananan jirage a kogin Dart, yana auna yadda ruwa yake turje musu. A 1867 ya ƙera siffa biyu, ɗaya mai kaifin goshi ɗaya mai dunƙulallen goshi, kowacce a girma uku: ƙafa 3, ƙafa 6 da ƙafa 12. Daga nan ya fitar da ƙa'idar da har yau take ɗauke da sunansa. In an rage tsawon jirgi sau 25, to a rage gudunsa sau 5, domin biyar sau biyar ne ashirin da biyar. In sau 100 ne, a rage gudun sau 10. Matuƙar an kiyaye wannan, igiyar ruwan da ƙaramin zai tayar siffarta ɗaya da wadda babban zai tayar. Manyan injiniyoyin zamaninsa da yawa sun yi masa kallon dattijo mai wasan yara. Duk da haka hukumar sojan ruwa ta ba shi kuɗi, ya gina doguwar kwatarniyar gwaji mai tsawon kusan mita 85 kusa da gidansa a Torquay, ta fara aiki a 1872. Da kakin kyandir yake zuba jiragensa, in siffa ba ta yi ba ya narkar ya sake wata. Tun daga nan har yau, ƙasashen da ke ƙera manyan jirage suna da irin wannan kwatarniya, kuma sabon fasalin babban jirgi yakan fara rayuwarsa ne yana ɗan ƙarami a cikinta.

Akalar da ba a gani

Saura abu guda: yadda za a juya akalar ƙaramin jirgi alhali babu mutumin da zai iya shiga cikinsa. Masu sha'awar wannan wasa a Landan, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a tafkin lambun Kensington tun 1876, sukan daidaita yadin jirginsu ne su sake shi ga iska, sannan su zagaya da gudu su tare shi a ɗaya gaɓar da doguwar sanda.

A 1898, a wani baje kolin kayan lantarki a zauren Madison Square Garden na New York, Nikola Tesla ya sa wani jirgin ƙarfe da bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba cikin kwatarniyar ruwa. Ya koma gefe da wani akwati, ya riƙa sa jirgin yana tafiya, yana juyawa, yana kunna fitilu, babu waya ko zare tsakaninsu. Ana ba da labarin cewa wasu 'yan kallo sun rantse akwai horarren biri a ciki. Wannan ya faru shekara uku kafin Marconi ya tsallakar da saƙon rediyo tekun Atlantika a 1901. A 1906 kuma wani injiniyan Sifaniya, Leonardo Torres Quevedo, ya tuƙa kwalekwale daga bakin gaɓa a tashar Bilbao, a gaban sarkin ƙasarsu. Abin lura a nan shi ne, sarrafa na'ura daga nesa, wanda yau ya kai ga jirage marasa matuƙi da motocin da ke yawo a duniyar Mars, a kan ɗan ƙaramin jirgin ruwa aka fara nuna shi ga jama'a.

Kayan Tesla manya ne masu tsada. Sai da aka ƙirƙiro taransista a 1947, na'urori suka ƙanƙance suka yi sauƙi, sannan wasan ya shiga hannun talaka. Tsarinsa bai sauya ba: akwai na'urar aikawa a hannun mai tuƙi, akwai ta karɓa a cikin jirgi, akwai inji mai juya farfela, da wani ƙarami mai karkata wutsiyar da ke juya jirgin dama ko hagu. Tsofaffin rimot suna aiki ne a kan zangon mega 27, shi ya sa in yara biyu suka kunna nasu a wuri guda saƙo yakan cakuɗe, motar wannan ta bi umarnin wancan. Na yanzu sun koma zangon giga 2.4, kowace na'ura ta san abokiyarta.

Daga motar kara zuwa rimot

A Gyallesu babu wanda ya taɓa gaya mana sunan Froude ko Tesla. Abin da muka gada shi ne motar kara. Da kaka, in an girbe dawa, yaro yakan ɓare bayan kara ya fitar da siraran tsinke, ya yanyanka farin cikinsa, ya soke wannan cikin wancan har mota ta tashi da tayoyinta da ƙofofinta. Yayyenmu sun yi ta langa-langa da ta waya, mai dogon sitiyari da ake turawa a tsaye. Wannan ita ce tsohuwar hanyarmu ta tuƙi daga nesa, nisan kuwa tsawon sandar ne. Da damina kuma kowace kwata kogi ce, mu sa jirgin takarda ko ɓawon rake mu bi shi da gudu.

Mu 'yan shekarun 2000 mun taso a kan wata gaɓa ta musamman. Kaset yana mutuwa, faifan CD da wayar hannu suna karɓe masa kasuwa, shagunan masu gyara suka cika da matattun rediyoyi, kowacce da ɗan injin da ke juya kaset a cikinta, lafiyarsa ƙalau. Ga kuma motocin wasa 'yan China da ake saya wa 'ya'yan masu hali da Sallah, waɗanda ba sa kwana bakwai tayarsu ta karye a jefar, alhali rimot ɗin da allon cikinsu ba abin da ya same su. Daga juji da shagon mai gyara muka haɗa abin da Tesla ya tara jama'a ya nuna. Ba mu kaɗai ba ne. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota, har ya ɗaga daga ƙasa. Kowane gari a Arewa yana da irinsa, ƙanana da manya.

Abin da ya rage mana shi ne gada tsakanin wannan hannu da aji. Na taɓa shiga makaranta da jirgina na biyu a jaka, wani malami ya ƙwace, ya ce wasan banza ne yake hana ni karatu. A zangon da ya biyo baya, shi ɗin dai ya rubuta mana ƙa'idar Arkimidis a allo, cewa abin da ke yawo a ruwa yana ture ruwa daidai nauyinsa. Muka haddace, muka rubuta a jarrabawa, muka manta. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, haka shi ma aka koya masa. Amma ƙa'idar da ya rubuta da alli tana kwance a cikin durowar teburinsa, da farfelarta da baturanta.

Dattijo mai gyaran rediyo shi ya zame mini gadar. Bai yi boko mai zurfi ba, amma shi ya ce in sauko da batura can ƙasan ciki, in shimfiɗa su a tsakiya. Shi ya sa na cika bahon wankin Innarmu da ruwa, in danna gefen jirgin da yatsa in saki. "In ya dawo daidai da kansa, jirgi ne," in ji shi. "In ya tsaya yana shawara, to akwatin gawa ka ƙera." Na ce, "Baba, in ya dawo a baho, a kududdufi fa?" Ya ce, "Ruwa ɗaya ne, ɗana. Girman wurin ne ya bambanta." Jirgina na huɗu, wanda na yi da falankin silin da farin soson da ake tallafe talabijin da shi a kwali, ya tsallake kududdufin ya dawo hannuna.

Jan layi

Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgi maƙare da 'yan kasuwa ya nutse a kogin Kwara kusa da Wara a Jihar Kebbi, gommai da yawa suka rasu. Ran 30 ga Nuwamba na shekarar, wani kwalekwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, ɗauke da mutanen ƙauyen Badau da za su tafi Mauludi. Mutum aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. A duka biyun, lodin da ya wuce kima yana cikin abin da hukumomi suka ambata. Ina ajin ƙarshe a jami'a lokacin. Yaran Bagwai sa'o'in ƙannena ne, kuma shekarunsu ɗaya da nawa ranar da gwangwanina ya kife.

Da hutu ya zo na je wurin wani kafinta muka yi kwalekwale mai tsawon mita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin goma na mai mita goma. Lissafinsa ba wuya. Tunda an rage tsawo sau goma, faɗi sau goma, zurfi sau goma, nauyi ya ragu sau dubu ke nan. Mutum mai kilo 60 ya koma giram 60. Na ƙulla yashi a 'yan ledoji, kowane ƙulli mutum guda, na tara yaran layinmu a bakin kududdufin nan dai. Da ƙulli talatin a shimfiɗe a ƙasan ciki, jirgin ya tafi ya juyo lafiya. Da hamsin, tsakanin bakinsa da ruwa saura faɗin yatsa, amma yana tafiya, har wani yaro ya ce, "Yaya, ai ga shi ya ɗauka." Na ce ya matsar da ƙulli goma gefe guda, kamar mutane sun firgita sun ruga ɓangare ɗaya. Ya matsar, na murɗa rimot jirgin ya sha kwana, ruwa ya zubo ta gefen, kafin ƙiftawar ido ya tafi ƙasa. Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Ban ce ɗan kwalekwalena ya bayyana duk abin da ya faru a Bagwai ko Wara ba. Masu fito sun fi ni sanin ruwa nesa ba kusa ba, kuma abin da ke sa a yi lodi fiye da kima sananne ne: jirage kaɗan, mutane da yawa, babu gada, ga magariba tana gabatowa kowa yana son ya isa gida. Ƙaramin jirgi ba zai gina gada ba, ba zai sayi rigar ruwa ba. Wannan aikin gwamnati ne da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lakwaja. Amma akwai abin da zai iya. Jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima yaudararsa ita ce yana tafiya lafiya har zuwa daƙiƙar da zai kife, ido ba ya ganin haɗarin sai wanda ya taɓa gani. Yaron da ya gani a kududdufi ya riga ya gani.

Ingila ma ta sha fama da masu jiragen da ke danƙara kaya don riba. Wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya yi ta gwagwarmaya har aka yi dokar 1876 wadda ta tilasta a zana alama a jikin jirgin kasuwanci, in ruwa ya haura ta, lodi ya wuce ƙa'ida. Har gobe manyan jiragen duniya suna ɗauke da wannan alama. Fenti ne kawai da buroshi. Da muka tsamo ɗan kwalekwalenmu ya bushe, muka sake loda masa ƙulli talatin, muka duba inda ruwa ya tsaya, na ba yaron nan jan fenti ya ja layi a wurin da hannunsa.

Kammalawa

Daga Dufuna zuwa Torquay, tarihin jirgi tarihin gwaji ne, tambayar kawai ita ce da me za a biya kuɗin kuskure, da kakin kyandir ko da rayukan mutane. Muna da tsohon sani na ruwa wanda harshenmu da ƙasarmu suka shaida, muna da yara masu hannu a kowane lungu, muna da kududdufai da madatsun ruwa. A Zariya kaɗai ga Jami'ar Ahmadu Bello da sassanta na injiniya, ga kwalejin kimiyya da fasaha, ga makarantar horar da malamai a maƙwabtan Gyallesu. Ba abu ne mai tsada ba malamin kimiyya ya shiga aji da baho da ƙullin yashi, ko a shirya gasar ƙananan jirage tsakanin makarantu, a ba da kyauta ga wanda ya fi ɗaukar kaya bai kife ba. Ba abu ne mai tsada ba a zauna da sarakunan ruwa da masu fito a auna kowane kwalekwale a ja masa layinsa.

Dattijon nan Allah ya yi masa rasuwa, shagonsa ya koma na gyaran waya. Ɗan kwalekwalen yana nan a kan shirayin ɗakina da jan layinsa a karkace, don hannun mai zanen ya yi rawa. In damina ta sauka kududdufi ya cika, yaran sukan yi sallama su ce in ara musu. Sharaɗina ɗaya ne: kafin a kai shi ruwa, a fara gwada shi a baho.